Kiran kirifto da sunan halal ba ya wanke caca

A harabar wani masallaci a Agege, bayan an idar da sallar Juma'a, wani matashi mai sayar da kayan waya ya miƙo mini wayarsa cikin murna ya ce, "Malam, ga sabuwa ta halal, babu kuɗin ruwa a cikinta." A fuskar wayar akwai tallar wani kirifto, wato kuɗin intanet, da hoton jinjirin wata da alkawarin cewa kuɗin mutum zai ninka cikin kwana talatin. Da na tambaye shi wace haja ake saya a sayar har wannan riba ta fito, sai ya yi shiru, alhali ya riga ya zuba jarinsa.

Irin wannan alkawari dandalin zuba jari na intanet mai suna CBEX ya yi kafin ya rushe da dukiyar jama'a a watan Afrilun 2025, kamar yadda MMM ya yi a 2016. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yanzu rigar addini ake yafa wa damfarar. Shari'a ba ta tsaya ga hana kuɗin ruwa ba, ta hana caca, ta kuma hana garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Duk wanda ya liƙa sunan halal a kan kuɗin da babu haja a bayansa ya ci amanar Musulmi, kuma ko da ayoyi ya cika tallarsa, mazambaci ne.

Masu cewa a haramta fasahar bulokcen, wadda kirifto ke gudana a kanta, baki ɗaya kuwa ba su bambance kundi da abin da ɓarawo ya rubuta a cikinsa ba. Bulokcen kundi ne da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci masu yawa, ta yadda mutum ɗaya ba zai koma ya goge ko ya sauya abin da aka shigar ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Mu ɗauki murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ribar da suka amince a kai, wadda bankuna irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da Lotus, da aka buɗe nan Legas a 2021, ke hulɗa da ita. Sharaɗinta shi ne banki ya mallaki kaya kafin ya sayar wa abokin ciniki. Idan ɗan kasuwa a kasuwar kayan abinci ta Mile 12 ya nemi a saya masa lodin albasa, kundin zai nuna sa'ar da aka biya manomi, da sa'ar da buhunan suka shiga hannun banki, da sa'ar da aka sayar masa, kuma kwamitin malamai zai gani da idonsa maimakon dogaro da takardar da aka cike daga baya. Haka sukuk, wato takardun zuba jari a kadara bisa tsarin Musulunci: wanda ya saya daga na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 domin gina hanyoyi ya cancanci ganin inda kuɗinsa suka bi. Bankin Al Hilal na Abu Dhabi ya gwada cinikin sukuk a kan bulokcen tun 2018. Gaskiya ne kundin ba ya gane ƙaryar da aka shigar masa tun farko, shi ya sa ba a raba shi da shaidu adilai.

Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari. Ya kamata hukumar ta hana kowa tallata kirifto da sunan halal sai ya nuna hajarsa da malaman da suka tantance ta, bankunanmu kuma su fara gwada kundin a kasuwa guda kamar Mile 12.