Faransancin allo ba ya tsallake Illela

Yaro zai yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana rera je suis, tu es, il est, ya ci jarabawa har da kyauta, amma ka tsallaka da shi Birnin Konni ta Nijar jandarma ya tambaye shi takardunshi da inda za shi, sai raba ido. Direban albasa kuwa da ko firamare bai gama ba shina ta zuba, ya amsa, ya yi lissafin sefa, ya wuce abinshi. Na san za a ce ai Konni Hausa ake yi. Haka ne, amma takardar kwastan fa, da ta likita, balle ka miƙe Yamai ko Kwatano?

Tun 1996 Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, har yau a makarantunmu na Sakkwato bai sauko daga allo ba. Kuma gwamnati ta san maganin, shi ya sa ta buɗe ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala, ɗan jami'a ya je ya zauna inda ko ruwa zai roƙa sai da harshen. To don mi ƙananan yara za su jira jami'a?

Ba sai an kashe kuɗi ba. Malam ya haɗa benci biyu, ya zuba tumatur da albasa, ya yayyanka takarda a matsayin kuɗi, yarinya guda ta zauna ita ce mai kaya, wani ya zo ya ce c'est combien, wato nawa ne, ta faɗi, ya ce trop cher, wato ya yi tsada, a ja ciniki ana dariya ana kwaɓawa, malam kuma ya riƙe bakinshi, kar ya katse su, ya rubuta kurakuran sai an tashi kasuwa ya gyara. Wani satin tasha, wani asibiti. A nan nahawun zai zauna, don yaro ya buƙace shi kafin a ba shi.

Uzurin malamai gaskiya ne, aji ya cika maƙil, jarabawa kuma ta takarda ce, wasu malaman ma su kansu bakinsu bai faɗa ba. Wanga na ƙarshe aikin kwalejin horas da malamai ta Shehu Shagari ne da jami'ar Danfodiyo. Na jarabawa kuwa sai ma'aikatar ilimi ta ware maki na magana baki da baki a kowane zango, don abin da ake ba maki shi malam ke koyarwa.