Ranar ƙarshe ma rana ce, masu gina fom

Wai don Allah masu gina fom a intanet, wa ya gaya muku 31 ba ta cikin wata? Ku ji abin da ya faru da wani fom ɗin rajista da ake ta surutu a kansa. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa ana karɓar kwanan wata daga 1 zuwa 31 ga Maris, mutum ya zaɓi 31, sai ga jan rubutu wai ya wuce iyaka. Sannunku da ƙoƙari, injiniyoyi. Allah ya ƙara basira.

Ba aljani ne ya shiga kwamfutar ba, ba kuma matsalar netwok ba ce. Ba a gwada ranar iyaka ba, shi ke nan. Wanda ya rubuta kod ɗin, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ya sa 15 ga wata, ya ga ta wuce, ya rufe kwamfuta ya tafi. To ai 15 ko makaho ya rubuta kod za ta wuce. A bakin iyaka gizo ke saƙa: ranar farko, ranar ƙarshe, da ranar da ke maƙwabtaka da kowacce ta waje. Kwanaki huɗu kacal. Wanda bai gwada su ba bai gwada komai ba.

Abin da nake zargi ɗayan biyu ne. Ko dai an rubuta < (ƙasa da) a inda ya kamata a rubuta <= (ƙasa da ko daidai da), alama ɗaya ta cinye wa mutane yini guda. Ko kuma an cakuɗa kwanan wata da agogo. A JavaScript, yaren kwamfuta da ke sarrafa shafukan intanet, in ka ba shi "2025-03-31" zalla, yana ɗaukar ta a matsayin ƙarfe 12 na dare, farkon ranar, agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi. Mutumin da ke Amurka a lokacin yana yammacin 30 ga wata. Ka ga rana ta zame ba wanda ya taɓa ta. Ranar haihuwa ba ta da awa, ba ta da minti, me ya kai ka lanƙaya mata agogo?

Na san wani zai taso ya ce ai HTML, yaren tsara shafin intanet, na da min da max na sa iyakar ƙasa da ta sama, burauza, manhajar buɗe shafin, na yin aikin. Malam, zauna. Gaskiya ne, kuma burauzar ma ta fi ku adalci, don ita tana lissafa ranar iyaka a ciki. Amma duk yaron da ya san danna F12, maɓallin da ke buɗe kod ɗin shafi, zai goge max ɗin nan ya tura abin da ya ga dama, saboda haka dole sabar, wato kwamfutar da ke karɓar fom ɗin, ta sake dubawa. Nan ne ake kwaɓa ta: burauza ta ce 31 ta halatta, sabar ta ce haram. Doka ɗaya, an rubuta ta sau biyu, ba wanda ya gwada ko bakinsu ya zo ɗaya.

Masu cewa "ai rana ɗaya ce kawai" kuwa, ba zan ɓata yawuna ba. A ranar ƙarshe jama'a suka fi yin tururuwa, kowa ya sani. Yarinyar da ta cika 18 yau ɗin nan, fom ya ce mata yarinya ce saboda wani ya raba kwanakinta da 365.25 maimakon ya duba ranar haihuwarta. Wanda aka haifa 29 ga Fabrairun 2000 fa? Ranar ta wanzu, alhali 1900 ba ta da ita, 2100 ma ba za ta samu ba. Wallahi abin na ba ni tausayi, don mutumin da fom ya kora kansa yake zargi. Ya goge, ya sake cikawa, ya canza waya, har lokaci ya ƙure. In za ka ƙi karɓa, aƙalla gaya masa daga wace rana zuwa wace rana kake so. Ku gwada iyaka, ɗan'uwa, ku gwada iyaka.

Af, tunda an zo maganar. Wane ne ya ƙirƙiro ɗan kalandar nan da ke buɗewa a watan da muke ciki alhali ranar haihuwa ake tambaya? Dattijon da aka haifa 1965 ya zauna yana danna kibiyar baya wata bayan wata, sama da sau 700. Ku bar mutane su rubuta shekara da hannunsu mana.