Maganar GMO: wa ke yi wa mutanenmu bayani?

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ya taɓa cin karo da irin saƙon muryar nan: wani bawan Allah da ba a san ko waye ba yana rantsuwa cewa irin GMO, wato irin shuka da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado, na hana haihuwa, yana kashe ƙasa, don Allah a tura wa 'yan uwa. Kafin la'asar ya zaga Kano da Maraɗi. Abin da ke ci min rai shi ne, a nan galibin mutanenmu ke jin labarin fasahar sarrafa ƙwayoyin gadon halitta. Masu ilimin abin suna can suna taro a otal a Abuja da Turanci.

Ba na ganin laifin mai tsoro. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 suka rasu. Tabon nan na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk masanin da zai kira mutanenmu jahilai, ya fara tuna wannan.

Amma jama'a, abin ya daɗe da shigowa gidajenmu. Insulin ɗin masu ciwon suga, tun 1982 ake sa ƙwayoyin halitta da aka sauya wa gado su samar da shi. A 2013 aka fara haɗa sinadarin artemisinin na maganin maleriya ta hanyar yis ɗin da masana suka sake wa tsari. Waken SAMPEA 20-T kuwa ba daga jirgi aka sauke shi ba. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, aka yi aikinsa ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka amince a fitar da shi ga manoma a 2019. An sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake. Maimakon feshi shida zuwa takwas a damina, biyu sun isa. Wanda ya taɓa ganin yaro goye da tankin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ruwan magani na bin gadon bayansa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jita-jitar hana haihuwa ta danne tambayoyin da ya kamata mu matsa a kansu. Yawancin irin masarar TELA, masarar GMO da aka fitar a 2024, irin aure ne, sai manomi ya sayi sabo duk shekara in yana son yabanya ta yi kyau. To nawa za a sayar masa, kuma a hannun wa irin zai kasance? Yaya mai awo a Dawanau zai san wane wake ne a cikin tiya? Yana da haƙƙin sani, ko da zai saya. Akwai hukumar NBMA ta gwamnatin Najeriya da aka kafa a 2015 don sa ido kan GMO, aka faɗaɗa dokarta a 2019 ta haɗa da sabbin fasahohin tsara halitta. Manoma nawa ne suka taɓa jin sunanta?

Kuma abin da ke tafe ya fi wake girma. A 2019 an saki sauron da aka sauya wa gado a ƙauyen Bana na Burkina Faso, a ƙoƙarin yaƙi da maleriya, sai ga shi a 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da aikin gaba ɗaya.

Ni dai roƙona ga malamanmu na Samaru da BUK: ku shigo Rediyon Kaduna da Freedom duk mako, a buɗe layi, manomi ya yi tambaya da Hausa ku amsa masa da Hausa, har da abin da bincikenku bai kai ga ganowa ba tukuna. Ku zauna da limamai da masu unguwanni tun kafin iri ya isa kasuwa. Ku ɗauki muryarku a waya, ku faɗi sunanku da inda kuke aiki, mu ma mu samu abin da za mu tura zauren dangi.