Ku bar sifikun kamfani a inda suke

Abin da aka yi wa Golf ɗin ƙanena ranar Lahadi, bayan mun taso daga kasuwar Gujungu, har yanzu yana cina a rai. Yaro ya je a sa masa rediyo mai cin memori da Bluetooth, tunda kaset ya zama tarihi, sai mai aikin wayar mota ya ce masa, "Oga, sifikun nan ba za su ɗauki sabon rediyo ba." Ya ɓalle lafiyayyun sifikun da motar ta zo da su, ya ɗaura masu ƙyalƙyali da aka rubuta 1000W a kwalinsu.

Ba za su ɗauka ba? Me za su kasa ɗauka? Rediyon Pioneer ko Sony da ake rubuta wa 50W sau 4, wato wat 50 ga kowace cikin sifiku huɗu, wannan ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido. Ƙarfin da yake bayarwa a kai a kai kusan wat 20 ne ga kowace sifika. Yawancin sifikun kamfani 4 ohm ne (ohm shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), sabon rediyon ma don 4 ohm aka ƙera shi. To ina matsalar?

Wani zai ce ai sifikar kamfani takarda ce. Na ji. Rashin nauyin nan ne ya sa ƙarfi kaɗan yake motsa ta. Da hannuna na ɗauko guda a ƙarƙashin bencin mutumin, na hure ƙura, na danna ta a hankali. Ta dawo lafiya lau, babu yaga, babu gugar komai. Ya ajiye su ne ya sayar wa wani, wallahi.

Jama'a, ku canza rediyo, ku bar sifika. Abin da ke kashe ta shi ne ƙure murya har sauti ya fara kakkaryewa. Yaron nan lodin fasinja yake tsakanin Ringim da Kano, kuɗin da aka ci masa na man mota ne da cefanen gida.

Sai kuma ku dubi aikin wayar. Mutumin ya murɗe jar waya da rawaya wuri guda ya naɗe da leda, alhali rawaya ce ta batir, ja ta makulli. Rediyo ya kwana yana shan wuta. Litinin da asuba, mu huɗu muka tura motar daga ƙofar gida har bakin masallaci kafin ta tashi.