Don Allah ku sauke hoton yaron nan

Jiya da dare, bayan na idar da sallar isha'i, na kishingiɗa da waya a hannu, na tarar da abin da kowa ya tarar. Wata baiwar Allah ta fito ta ce wani fitaccen mutum shi ne uban ɗanta, shi kuma ya ce bai san zancen ba. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama nata ba. Wani ya haɗa hotuna biyu, na mutumin a dama, na yaron a hagu, ya zagaye kunnuwansu da jan layi. Wallahi ban ankara ba sai ga ni na sa yatsu biyu ina zuƙo fuskar yaron, ina duba hanci, ina duba goshi, har na ji kaina na ce a fili, “Kai, kamar an tsaga kara.” Na tura wa wani zaure na abokai a WhatsApp, na rubuta a ƙasa: ku ma ku duba.

Ina cikin haka ɗana na biyu ya shigo da magagin barci yana neman ruwa. Yaron nan bai ɗauko komai nawa ba. Kawuna ya ɗauko sak, tun daga hasken fata har tafiya. Na kalle shi, na kalli wayar, sai gabana ya faɗi. Da wani zai ajiye hotona kusa da nasa ya zagaye kunnuwanmu da jan layi, me za a ce a kan mahaifiyarsa, matar da na san tsoron Allahnta fiye da yadda na san nawa? Ban runtsa ba sai bayan ƙarfe 2.

'Yan uwa, abin da muke yi ba bincike ba ne. Mun sa masa wannan suna ne don ya yi mana daɗin haɗiya. Wani ya tono hoton da matar ta sa shekara 4 da suka wuce, ya ce labulen da ke bayanta irin na gidan wane ne. Wani ya ce agogon da ya leƙo a gefen hoto agogon mutumin ne. Wata ta zauna da kalanda tana ƙirga watanni, daga ranar da aka gan su a taro ɗaya zuwa ranar haihuwa. Wani ya gano unguwar da take zaune. Wani, Allah Ya shirye shi, ya gano makarantar yaron daga bajen da ke ƙirjin rigarsa, ya rubuta sunanta kowa ya gani. Yaro ne fa, wanda ko ɗamarar wandonsa ba lalle ya iya ɗaurawa da kansa ba. Gobe da safe za a kai shi wannan makaranta, iyayen sauran yara sun riga sun ga hotonsa, kuma kun san bakin yara ba ya da linzami.

Kowa ya haddace “wa la tajassasu” a Suratul Hujurat, ba sai na tsaya fassarawa ba. Abin da nake so in tuna mana shi ne zancen kama, don a nan ne Shaiɗan ya shigo mini. Wani mutum daga ƙabilar Fazara ya zo wurin Manzon Allah (SAW) ya ce matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nufin a gane abin da yake zargi. Annabi bai ce a kawo jaririn a duba ba. Tambayarsa ya yi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya samo wannan launi? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Annabi ya ce wannan ɗan naka ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Wannan fa miji ne, mai haƙƙi, wanda zargin ke cin zuciyarsa, amma ba a ba shi damar kore ɗansa saboda launi ba. Ni da ban taɓa ganin mutanen nan ido da ido ba, wa ya ba ni?

Haka a ɗaya ɓangaren. A shekarar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a suka kawo jayayya a kan wani yaro. Sa'adu ya ce ɗan ɗan uwansa Utba ne, a dubi kamar. Abdu ya ce ɗan uwansa ne, a shimfiɗar mahaifinsa aka haife shi. Annabi (SAW) ya duba, ya kuma ga kamar a fili, amma ya hukunta cewa yaro na mai shimfiɗa ne, ya ba Abdu ɗan Zam'a. Kamar da idon Annabi ya gani ba ta ture shimfiɗa ba. Mu kuma mun ɗauki hoton da aka ɗauka da waya, aka gyara masa haske, aka matse shi aka tura sau ɗari, mun mai da shi hujjar yanke nasaba. Tun da can Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne.

Ke kuma 'yar uwa mai ƙirgen watanni, ki ji tsoron Allah. Kin san cewa malamai sun ciro daga Alƙur'ani cewa mafi ƙarancin ciki wata 6 ne? Ayar Suratul Ahƙaf ta ce ɗaukar ciki da yaye wata 30, ayar Baƙara ta ce shayarwa shekara 2 cikakku, in an cire 24 daga 30 saura 6. Da wannan lissafi Sahabbai suka kuɓutar da matar da ta haihu da wuri daga zargi. Su sun yi lissafi don su rufa asiri. Ke wa kike so ki kuɓutar da naki?

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗa wa kaina jiya. Za a ce ai shi ya zaɓi ya zama sananne. Za a ce ai ita ta fara kawo zancen kasuwa. Za a ce ruwa ba ya tsami banza. Za a ce muna taimakon mai rauni ne a kan mai ƙarfi, don masu kuɗi da suna sun saba danne irin waɗannan mata. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, ba zan raina shi ba. Idan mutumin nan ɗansa ne ya sani ya musanta, ya ɗauki abin da duwatsu ba za su ɗauka ba, kuma yaron yana da haƙƙin suna da ci da sha da gado. Amma a gaban alƙali ake karɓo wannan haƙƙi, da manyan dangi, da shaidu, da rantsuwa. Shi kansa gwajin ƙwayoyin halitta da kowa ke kiran a yi, ba da hoto ake yinsa ba. Sai an goga auduga a cikin kuncin yaro da na mutumin, a kai ɗakin gwaji a gwada, tunda rabin abin da ke jikin yaro daga uwa ya zo, rabi daga uba. Duk da ƙarfinsa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta ce ba a dogara da shi wajen kore nasaba, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar la'ana tsakanin miji da matar da yake zargi, ta kuma nemi kada a riƙa yinsa sai da umarnin kotu. Manyan malamai sun yi taka-tsantsan da sakamakon ɗakin gwaji, mu kuma muna yaɗa hoton wata takarda da ba mu san wa ya buga ta ba, a zamanin da yaro ɗan sakandare zai iya ƙirƙiro takarda da murya da hoto a wayarsa kafin a idar da sallah.

Ku dubi inda muka tsaya. Wanda ya rubuta “wallahi ɗansa ne”, idan ba aure a tsakaninsu, ya jefi mutum biyu da zina. Wanda ya rubuta “ƙarya take, ta je ta nemo ubansa”, ya jefi matar, ya kuma kira yaron da sunan nan da ba na son in rubuta. Ko ta ina ka faɗa, ƙazafi ne ke jiranka. Suratun Nur ta ce shaidu 4, in babu bulala 80, kuma ba a sake karɓar shaidarka. Ina shaidunka, malam? Labule da agogo? Miji ma, wanda aka yi wa sassauci, sai ya tsaya ya rantse sau 4, a ta biyar ya kira la'anar Allah a kan kansa in ƙarya yake. Kai da ka rubuta naka kana dariya, za ka iya ta biyar ɗin?

Abin da ya fi hana ni barci labarin Uwar Muminai A'isha ne, Allah Ya ƙara mata yarda. Wanda ya ƙulla ƙaryar munafuki ne, Abdullahi ɗan Ubayyu. Amma waɗanda suka ɗauka suka yaɗa har da mutanen kirki: Misɗahu wanda ya halarci Badar, Hassanu ɗan Sabit mawaƙin Annabi, Hamnatu 'yar Jahshi. Ba su suka ƙirƙira ba, ji suka yi suka maimaita. Kusan wata guda Madina na cikin wannan hali, ita kuma ta yi kuka har ta zaci hantarta za ta tsage. Da ayoyin suka sauka sai Allah Ya ce kuna karɓarsa da harsunanku, kuna faɗin abin da ba ku da saninsa, kuna zaton abu ne mai sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Da harsuna, ba a ce da kunnuwa ba, kamar zancen bai ko biya ta hankali ba ya wuce gaba. Haka na yi jiya, sai dai ni da babban yatsa na yi. Ga kuma Zainab 'yar Jahshi, kishiyar A'isha ce, 'yar uwar Hamnatu ce, in da mai dalilin ya ji daɗi ita ce. Da aka tambaye ta sai ta ce tana kare jinta da ganinta, ba ta san komai ba sai alheri. Kishiya ke nan. Mu da ba a haɗa mu da komai ba mun kasa faɗin haka.

Ɗan uwa, ba na ganin ka mugu. Na san da yawanmu gajiya ce da neman abin hira, ka wuni kana fama, dare ya yi kana son abin da zai ɗauke maka hankali. Amma yaron nan zai girma. Wata rana zai rubuta sunansa ko na mahaifiyarsa a intanet, ya tarar da fuskarsa ta ƙuruciya da jan layi a kunne, da dubban baƙi suna gardama a kan ko shi ɗan halak ne. Ranar da zai je neman aure wani zai tono. Manyan biyu wataƙila sun daɗe da sasantawa, wataƙila kotu ta raba gardama, mu mun manta mun koma kan wani, shi kuwa yana nan da abin da muka rataya masa. Ranar da ba kuɗi sai lada, wanda ya zagi wannan ya yi wa wancan ƙazafi daga ladansa za a ɗiba a biya su, kun san hadisin.

Da asuba na koma zauren na goge abin da na tura, na rubuta musu cewa na yi kuskure, duk wanda ya tura gaba ya taimake ni ya goge. Mutum 2 sun riga sun tura. Ban san inda ya kai ba yanzu, kuma ba ni da hanyar da zan nemi yafiyar yaron da ban san inda zan same shi ba. Astagfirullah.

Don Allah, don darajar iyayenku, ku sauke hoton yaron nan. Wanda ya rubuta sunan makarantarsa ya goge yanzu, kafin a tashi yara gobe. Idan an turo maka kada ka buɗe, kada ka zuƙo, ka ce wa wanda ya turo ya ji tsoron Allah ko da zai ji haushinka. Ku sa ni a addu'a, ku sa yaron da mahaifiyarsa, ku sa shi ma mutumin. Ku sauke hoton.