Abin da malamar asibitin unguwarku ta yarda da shi

A watan Afrilun 2020, ana cikin annobar korona, lokacin da masu haƙa kabari a Kano suka fara kukan cewa gawawwaki sun yi musu yawa, gidan wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ya koma gidan rediyon layinmu. Da an idar da sallar magariba sai mata su riƙa sallama ɗaya bayan ɗaya, wannan da sunan aron rariya, waccan da sunan gaisuwa, amma tambayar ɗaya ce: "Anti, don Allah cutar nan gaskiya ce?" A igiyar shanyarta kuwa ga takunkumin fuska guda ɗaya tal, irin wanda ake sawa sau ɗaya a yar, ta wanke shi ta shanya saboda gobe.

A lokacin kwamitin shugaban ƙasa kan korona yana jawabi kusan kullum daga Abuja. Amma a layinmu, duk jawaban nan ba su kai nauyin kalma ɗaya daga bakinta ba. Shi ya sa nake ganin abin da ma'aikacin lafiya ya sani game da annoba, da kuma abin da zuciyarsa ta yarda da shi, ya shafi kowa da kowa.

Mun ga amfanin haka a 2014. Da Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola, Dakta Stella Adadevoh ta gane abin da ke gabanta, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ita ta rasa ranta, amma cutar ta tsaya kan mutum 20, takwas suka rasu. A watan Agustan shekarar ne kuma jita-jita ta sa mutane suka tashi da asuba suna wanka da ruwan gishiri, har da masu sha.

A Kano labarin ya sha bamban. Bayan an tabbatar da mutum na farko mai korona a ranar 11 ga Afrilun 2020, sai tsoro ya shiga asibitoci. Wasu masu zaman kansu suka rufe ƙofa, dattawa masu hawan jini da ciwon suga suka rasa mai duba su. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye da haka na iya zama da nasaba da korona. Mutane da dama sun ɗora laifin kan ma'aikata, wai ba su da tausayi. Ban yarda da wannan hukunci gaba ɗayansa ba. Watanni uku kacal kafin nan, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kanon nan. Kuɗin alawus na kasada da ake ba likita a lokacin naira dubu biyar ne a wata, kuma rashin kayan kariya na cikin abin da ya kai likitoci masu neman ƙwarewa yajin aiki a watan Yuni. Wanda aka tura gaban maras lafiya babu safar hannu, in ya ja da baya, ba jahilci ke damunsa ba. Ya san abin da yake gudu.

Sai dai ba zan wanke su tas ba. Da allurar rigakafi ta iso a watan Maris na 2021, ma'aikatan lafiya aka fara kira, kuma da kunnena na ji wani daga cikinsu yana cewa a majalisa, "Ni ma ban yi ba, bari mu ga yadda za ta kaya da waɗanda suka yi." A garin da bai manta da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, garin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wannan magana guda ta isa ta rushe aikin wata shida.

Matsalar kuma tana nan inda ake kai ilimin. Taron bita a otal ake yi, da Turanci, kuma fuskokin da ke halarta ba su cika canzawa ba: manyan jami'ai ne, a ci abinci, a karɓi kuɗin mota, a watse. Alhali talaka in zazzaɓi ya kama shi, kemis yake fara zuwa, a ce masa maleriya ce da taifod, a haɗa masa ƙwayoyi a ƙullin leda. Mace kuma unguwarzoma take kira. Ga masu shara da masu tura gadon maras lafiya, waɗanda su ne ke taɓa zanen gado da kwandon allurai.

Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yara da yawa da ciwon maƙogwaro aka fara kai su kemis. Na tambayi mai kemis na bakin layinmu, wanda ya shekara fiye da goma a shagon, ko an taɓa kiransa bita kan korona ko mashaƙo. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai mu ba a tunawa da mu sai ranar duba lasisi."