WrestleMania 41: Ba girin-girin ba, ta yi mai

Tun da John Cena ya yi wasansa na ƙarshe a Disambar 2025, ranar da Gunther ya shaƙe shi a birnin Washington har ya miƙa wuya, wata sabuwar ɗabi'a ta ɓullo a tsakanin masu bibiyar resilin. Kewa ta sa an shiga wanke duk abin da ya taɓa a shekararsa ta bankwana. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka koma kiran WrestleMania 41, babban taron shekara-shekara na kamfanin resilin na WWE, daren tarihi, har wasu na jera ta cikin waɗanda suka fi kowacce armashi. Mutanen da na ji da kunnena suna tsaki a teburin mai shayi washegarin wasan, su ne yau suke rantsuwa ba a taɓa yin irinta ba.

To ni dai ban manta ba. An yi ta ne ranakun 19 da 20 ga Afrilun 2025 a filin Allegiant da ke Las Vegas, lokacin da a nan wajenmu ya kama daga ƙarfe 12 na dare zuwa kusan asuba. Dare biyu a jere na hana idona barci. Wanda ya yi wannan yana da haƙƙin ya faɗi abin da aka sa masa a kwano.

Bari mu tafi kai tsaye ga babban wasan da aka rufe taron da shi, tunda shi ake tutiya da shi: Cody Rhodes mai riƙe da kambu da John Cena mai neman kambunsa na 17, wanda zai sa ya zarce Ric Flair da kamfanin ke ƙirga masa 16. An kafa wa wannan wasa tubali mai kyau. Ranar 1 ga Maris a Toronto, Cena ya lashe Elimination Chamber, wasan da ya ba shi damar neman kambun, ya rungumi Cody, The Rock ya yi masa ishara, sai Cena ya juya ya shuri Cody a matsematsi, suka yi masa jina-jina. Mutumin da ya shafe sama da shekara 20 yana akta, yara na sanye da rigarsa, ya koma bos a cikin daƙiƙa guda. Ni kaina sai da na miƙe tsaye. Duk mai kallo ya zauna jiran amsar tambaya ɗaya: me The Rock ya ba Cena, kuma me zai karɓa a madadinsa?

Me muka samu a Las Vegas? Sama da minti 20 na jan ƙafa. Cena ya kai naushi, ya tsaya, ya kalli jama'a, ya taka a hankali, ya sake kai wani. 'Yan kallo da aka so su yi masa ihu suka koma yi masa tafi, Cody da aka so a tausaya wa shi ya sha ihun. Daga nan aka buge alƙalin wasa, kamar yadda kowa ya san za a yi. Kiɗa ya tashi, kowa ya juya yana jiran The Rock, sai ga mawaƙi Travis Scott shi kaɗai, yana tafiyar hawainiya a doguwar hanyar shiga fage kamar ango ranar ɗaurin aure. Ya janye alƙali daga dandamali lokacin da Cody ya danne Cena, ya shiga ciki, Cody ya fyaɗa shi da ƙasa. Cody ya ƙwace bel ɗin daga hannun Cena, ya ɗaga zai maka masa, Cena ya yi kalar tausayi, Cody ya sassauta. Shuri a matsematsi, bel a goshi, aka ƙirga uku. Shi ke nan. The Rock ko inuwarsa ba a gani ba.

Masu kare wasan suna da hujjar da suke ji da ita, wai da gangan Cena ya yi wasan banza, domin ya riga ya yi alkawarin zai lalata resilin ya tafi da kambun gida, saboda haka gundurar da muka ji ita ce manufar. Wannan ita ce hujja mafi rainin hankali da na taɓa ji a harkar nan. Mai abinci ta zuba maka tuwo ba gishiri, ka yi magana, ta ce ai da gangan ne don ka san darajar gishiri, kuma ta miƙo hannu ka biya. Aikin bos ne ya sa ka tsane shi har ka ƙagu a rama maka. In ya sa ka ɗauki waya kana duba saƙonni, aikin ya ɓaci. Ku tuna WrestleMania 13 a 1997. Bret Hart ya shiga fage a akta, ya fita a bos, Steve Austin ya shiga a bos ya fita gwarzo, jini na zuba a fuskarsa ya ƙi miƙa wuya har ya suma. Ba wanda ya yi hamma a wannan wasan. Mugunta ce aka nuna da hannu da ƙafa a cikin igiya, aka sa mutane suka sauya wanda suke so kafin a buga ƙararrawa.

Kar kuma a ce mini rashin sauri ne ya dame ni. Hulk Hogan da Andre the Giant a WrestleMania 3, shekarar 1987, ba su yi wata tsalle-tsalle ba, Andre da ƙyar yake motsi saboda ciwon baya. Amma duk abin da suka yi a wajen minti 12 ɗin nan yana tafiya ne zuwa wuri guda, wato ko Hogan zai iya ɗaga wannan ƙaton. Ya ɗaga shi, filin ya rikice. An yi alkawari, an cika. A 2025 an yi alkawarin The Rock, aka kawo mana mai shiga sharo ba shanu.

Kuma ba shisshigin 'yan waje nake ƙi ba. Shekara guda kafin nan, a Philadelphia, wasan Cody da Roman Reigns ya fi wannan cikowa da masu kutse: Jimmy Uso, Jey Uso, Solo Sikoa, Cena, The Rock, Seth Rollins, har da Undertaker. Amma kowannensu da bashin da ya zo karɓa. Solo ya taɓa lallasa Cena. Jey ya sha wulaƙanci a hannun Roman shekaru. Wurin da ya fi burge ni shi ne da Roman ya riƙe kujera, Cody a gefe guda, Rollins a ɗaya gefen sanye da kayan tsohuwar ƙungiyarsu ta Shield. Maimakon ya gama da Cody, sai ya zaɓi ya rama dukan kujerar da Rollins ya yi masa ta baya a 2014. Ƙullin shekara 10 ne ya jawo masa asarar kambun da ya riƙe kwana 1,316. Wannan shi ake kira labari. Shi kuwa Travis Scott, wane bashi yake bin Cody? Ya mare shi a Toronto, ya zo Las Vegas ya janye alƙali, ya ɓace. Bayan nan ba a sake jin ɗuriyarsa a zancen ba.

Da The Rock ya tashi kare kansa bayan taron, sai ya je shirin Pat McAfee yana bayanin cewa ya janye jiki ne don kada ya rufe Cena da Cody. Borin kunya. Wanda ba ya son rufe mutane ba ya tsayawa a tsakiyarsu ranar da aka ƙulla zancen, ya nemi ran Cody a bainar jama'a, sannan ranar warwarewa ya ce shi mai kawaici ne.

Akwai masu cewa a yi wa Cena uzuri, tsufa ne, saura kwana uku ya cika 48 a daren. Watan Agusta ya ƙaryata su. A taron SummerSlam, filin MetLife da ke New Jersey, mutanen nan biyu dai suka sake haɗuwa, bayan kamfanin ya yi tufka da warwara ya mai da Cena akta kwana biyu kafin wasan. Suka shafe sama da rabin sa'a suna faɗan da ba doka, tebur da kujera da matakala, ba mawaƙi, ba baƙo, Cody ya karɓo kambunsa, jama'a na tsaye. Cena bai ƙara ƙuruciya a cikin wata uku da rabi ba. Abin da ya sauya shi ne an bar su sun yi aikinsu. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa laifin Afrilu yana ofishin masu tsara wasa, inda shugabansu Triple H ke zaune.

Sauran taron fa? A nan ne abin ya fi ciwo, domin wasan da ya fi kowanne kyau shi aka sa a buɗe dare na biyu, lokacin da wasu ba su ma gama zama ba. Iyo Sky 'yar Japan, da Rhea Ripley, da Bianca Belair. Labarin mai sauƙi ne: kambun yana hannun Iyo, amma manyan biyun suna ta harararsu da juna, suna ture ta gefe kamar ƙanwar da ta biyo yayye biki. Ba su kai minti 15 ba, kuma babu daƙiƙar da aka ɓata. A ƙarshe Bianca ta kayar da Rhea ta danne ta, Iyo ta diro mata daga saman igiya ta baya, ta ci wasan. Rainin da aka yi mata shi ya ba ta nasara. Ko wanda bai taɓa kallon resilin ba zai fahimci wannan ba tare da an yi masa tafinta ba.

Wasan da ya rufe daren farko, Roman Reigns da CM Punk da Seth Rollins, shi ma ya yi daɗi, kuma cin amanar da manaja Paul Heyman ya yi wa Punk da Roman a jere ya zauna daram, tunda an san shi da haka tun fil azal. Dominik Mysterio ya ɗauki kambun Intercontinental, filin ya goya masa baya ba zato. Daga nan kuma sai ƙirgen cike gurbi. Randy Orton ya gama da Joe Hendry na kamfanin TNA cikin kusan minti uku, bayan ciwon wuya ya hana abokin karawarsa na asali, Kevin Owens, zuwa. Gunther, mutumin da aka shafe shekaru ana gina shi a matsayin dutsen da ba ya motsi, ya miƙa wuya ga Jey Uso a wasan buɗe taro cikin hanzarin da bai dace da shi ba. AJ Styles, ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa, aka ba shi aikin faɗuwa a gaban tauraron YouTube Logan Paul. Wasa uku ko huɗu masu kyau cikin 14, a dare biyu. In wannan ne daren tarihi, to tarihin ya yi araha.

Idan hujja ta ƙare, sai a jawo lissafi. Kamfanin ya ce mutum 124,693 ne suka shiga filin a dare biyun, ya kuma ce bai taɓa samun kuɗi a wani taro kamar wannan ba. Madalla, Allah ya sanya alheri. Amma ni ba ni da hannun jari a TKO, kamfanin da ya haɗe WWE da UFC ta masu damben keji a 2023, kuma na tabbata mai gardamar da ke gefena a benci shi ma ba shi da shi. Tikiti kafin wasa ake sayen sa. Abin da yake aunawa shi ne zumuɗin mutane da zurfin aljihunsu, ba ya faɗin abin da suka gani bayan sun zauna. Ko a lissafin ma, Philadelphia ta tara 145,298 a 2024. Abin da ya ƙaru a Las Vegas kuɗin kujera ne da tallace-tallace. Tabarmar dandamalin da a da take fes, yanzu ta cika da tamburan kamfanoni kamar bayan a-daidaita-sahu. Tun da aka ƙulla cinikin dala biliyan 5 da Netflix, kamar abin da ake nema shi ne ɗan guntun bidiyon da zai zagaya wayoyi da safe, fuskar wani shahararre a ciki. Travis Scott ya samar da wannan guntun. Wasan ne ya biya kuɗinsa.

Masu cewa ai duk shiri ne, me ya sa ake ɗaga jijiyar wuya a kai, su je su faɗa wa mai kallon fim ɗin Indiya haka lokacin da yake share hawaye.

Gyaran ba ya buƙatar kwamiti. Baƙon da ba zai tsaya a ƙarasa labari da shi ba, kada a fara da shi. Wasan da ya fi nauyi a ba shi lokacinsa, ko mata ne ke yin sa. In dare biyu ya fi ƙarfin kayan da ke hannu, a koma dare ɗaya kamar yadda ake yi kafin 2020. Na san wannan na ƙarshen ba za su ji ba, dare biyu tikiti biyu ne.

An riga an sanar da cewa WrestleMania 43 a Riyad za a yi ta a 2027, karon farko da za ta bar nahiyar Amurka ta Arewa. Mun ga abin da kuɗin Saudiyya ya saya a baya: Undertaker da Goldberg a Jidda a 2019, dattawa biyu da suka kusa karya wa juna wuya cikin ƙasa da minti 10. Daɗin abin ɗaya ne a wajena. Riyad ta riga mu da sa'a biyu kacal, don haka ko me za su zuba mana a wannan karon, da wuri zan kwanta.